Wadda Ta Nemo Rijiya Ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu shara su gama da barandar ginin hukumar jami'a, za ka ji ƙarar mukullinta a ƙofa ta ƙarshe, wadda ke daura da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Ofis ne ɗan madaidaici, tebur ɗaya, fanka mai kuka, da kanta uku da suka lanƙwashe saboda nauyin kundaye. A jikin ƙofar an rubuta Sashen Isar da Bincike ga Al'umma, amma rana ta cinye rabin haruffan, har wasu masu wucewa suna ɗauka wurin ajiya ne. A nan ta yi shekara goma sha tara tana shugabanci, in har za a kira shi shugabanci, tunda ma'aikatanta duka-duka biyu ne, sakatare da direba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinta yana da sauƙin faɗa: ta tabbatar abin da malaman jami'a suka gano bai ƙare a kan kantar littattafai ba, ya koma ga mutanen da aka yi binciken a kansu. Yin sa ne ba sauƙi. Kowace safiya sai ta ajiye jaka, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta jawo kundi ɗaya daga tarin da aka aiko mata, ta kifa shi, ta buɗe ta baya. Ba ruwanta da shafukan farko, inda kowa ke gode wa iyayensa da shugaban sashensa. Takan fara ne daga waɗancan shafuka na ƙarshe masu cike da ƙananan lambobi, waɗanda ko mai kundin ba ya son sake gani. Tana bin su da rula, layi bayan layi, leɓenta na motsi. Ɗalibai ne suka fara kiran ta Malama Shafin Baya, malamai suka ɗauka, har aka taɓa aiko wasiƙa da wannan sunan kuma masinja bai tsaya tambaya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ba kowa ke murnar ganin ta ba. Tana da tambaya ɗaya da take yi wa kowane mai bincike, babba ko ƙarami: "To, su mutanen, kun koma kun faɗa musu?" Na sha ganin farfesa mai furfura ya hango ta a baranda ya tuna yana da uzuri a wani gini. Mijinta, tsohon malamin lissafi da ya riga ta yin ritaya, yakan ce ko maganin tari aka ba ta, sai ta karanta takardar cikin kwalin har ƙarshe, kafin ta gama tarin ya gaji ya tafi da kansa. Ba ta musa masa. Mace ce mai fargaba, ta kuma san haka. Takan dawo daga bakin mota ta sake taɓa ƙofar ofis ko ta kullu, takan kira 'yarta sau uku in tana kan hanya. Abin da ya bambanta ta da sauranmu masu fargaba shi ne, tata fargabar ba a kan kanta take ƙarewa ba.

Masu kiwon kifi na bayan gari suna da nasu labarin a kanta, haka ma matan da ke rini, da malaman makarantar kurame. Duk na ji, kuma kowanne ya isa a rubuta. Amma ɗaya zan bayar, wanda direbanta ya ba ni, wanda kuma farfesan da abin ya shafa ya tabbatar mini da bakinsa, ya ce in rubuta kada in rage masa komai.

Shekara shida ke nan. Ranar wata Litinin aka kawo mata rahoton wani farfesa masanin ruwa, wanda ya shiga gasar lambar yabo ta jami'a, ta binciken da ya fi amfanar jama'a. Sa hannunta kawai ake jira. Shi da ɗalibansa sun ɗebi ruwa daga rijiyoyin gida arba'in a wata unguwa da ke bayan tsohuwar tashar mota, sun gwada, sun rubuta cewa ruwan unguwar ba shi da laifi sosai. Aiki ne mai tsafta, shi ma farfesan mutumin kirki ne, irin wanda ke tsayawa ya gaisa da mai gadi.

Ta kifa rahoton, ta aza rula. Rijiya arba'in aka jera, kowace da lambarta, ba sunan gida ko ɗaya. Da ta zo kan ta goma sha bakwai, sai ta ga an yi mata ɗan tauraro a gefe. Ta bi tauraron zuwa ƙasan shafi, ta tarar da rubutu siriri: an cire wannan daga lissafi saboda ta yi nisa da sauran. Ta koma ta dubi lambar. Gubar dalma ce aka auna, kuma abin da aka samu a wannan rijiyar ya ninka abin da jikin mutum zai iya ɗauka fiye da sau talatin.

Ta cire tabarau ta goge ta mayar, lambar tana nan inda take. Ko jaka ba ta ɗauka ba, ta tsallaka filin jami'a da rahoton a hammata, ta hau bene hawa biyu, ta shiga ofishin farfesa tana haki.

"Farfesa, rijiya ta goma sha bakwai ta gidan wa ce?"

Ya ɗago yana murmushi. "Haba Dakta, ko gaisuwa babu? Zauna mana. Ai kin san ƙa'ida. In lamba ɗaya ta fita daban, ajiye ta ake yi gefe, kada ta ɓata wa sauran lissafi. Ƙila kwalbar ce ba a wanke da kyau ba."

"Kun sake gwadawa?"

"An sake, da kwalba ta biyu."

"Me ya fito?"

Murmushin ya ɗan rage. "Haka ya sake fitowa."

"To ba kwalba ba ce ke nan. Gidan wa?"

A nan ne ya miƙe, ya buɗe durowa, ya ciro wata takarda mai hatimi ya miƙa mata, kamar mai nuna shaidar ya yi abin kirki. Kuma a dokar jami'a abin kirkin ya yi. Kwamitin da ke kare sirrin mutanen da ake bincike a kansu ya shar'anta cewa a ba kowane gida lamba, takardar da ta haɗa lamba da sunan gida kuwa a lalata ta bayan wata shida. Farfesa mutum ne mai cika ƙa'ida. Ranar da wata shida ya cika, da hannunsa ya zura takardar a injin yayyaga takardu, kwamiti ya ba shi shaida.

"Yaushe sakamakon ya fito?" in ji ta.

Ya ƙirga da yatsa. "Wata bakwai ke nan."

Sai a lokacin ta zauna a kujerar da ta ƙi zama da farko. Wata bakwai. A wani gida da ba wanda ya san ko wanne ne, wata mace tana jefa guga kowace safiya, tana dafa abinci, tana ba yara suna sha. Masana kuwa sun kare sirrin gidan sosai da sosai, har su kansu ba su san inda yake ba.

Kada mai karatu ya ce ai sai a koma a sake gwada rijiyoyin. Ta yi wannan tunanin tun tana kan bene. Unguwar ta fi gida ɗari huɗu, kuma ba a san ko waɗanne arba'in aka shiga ba. Na'urar gwajin ɗaya ce a jami'ar, in ta yi ƙoƙari ta gwada goma a mako. Ɗaliban da suka ɗebo ruwan sun gama karatu sun watse. Ɗaya da aka samu a waya ta ce wallahi abin da take iya tunawa kawai shi ne zafin rana da ciwon ƙafa.

Da azahar tana gaban mataimakin shugaban jami'a. Ta ce tana so a sanar da unguwar gaba ɗaya. Ya saurare ta har ta gama, yana juya biro a hannu.

"Dakta, ki tayar da hankalin gida ɗari huɗu saboda lamba ɗaya? In kin ce kada su sha ruwan rijiya, wane ruwan za ki ba su? Sannan aikin nan yana hannun wata babbar mujallar masana a ƙetare. In maganar ta fita kafin su buga, ba za su karɓa ba, wahalar shekara biyu ta tafi a banza." Ya rage murya. "Kuma bari in faɗa miki abin da bai kamata in faɗa ba. Ina sauka baɗi. Sunanki na cikin ukun da ake dubawa don kujerar nan. Majalisar jami'a ba ta son mai jawo mata surutu."

Ba za ta ce kujerar ba ta burge ta ba. Ta so ta, ta daɗe tana so, domin daga can za ta iya mayar da tambayarta doka. Duk da haka ta miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, zan nemi gidan da ƙafata. In Alhamis ta yi ban same shi ba, zan ɗaura lasifika a kan motar sashe in bi unguwar layi-layi. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka."

"Ki dai yi tunani."

"Tunanin ne ya hana ni zama, ranka ya daɗe."

Da yamma ta koma gida ta tarar da jikarta, 'yar shekara uku, ta rungumi kofi da hannu biyu tana kwankwaɗar ruwa, yana zubo mata ta gefen baki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta kasa shiga. Mijinta ya leƙo daga inda yake ba shukokinsa ruwa.

"Lafiya, uwargida? Ko wani ya manta waƙafi a kundinsa?"

Ta ba shi labari. Bai ƙara zolaya ba. Ya ajiye bokiti, ya ce, "Gobe ki sa takalmin nan mara tsini. Kuma ki ci abinci, ba a neman gida da yunwa." Ta sa loma biyu ta ture kwano.

Direban sashe dattijo ne, kowa Baba Direba yake ce masa. Sa'ar da aka yi ita ce, shi aka ba farfesa aro ya kai ɗalibansa unguwar a bara. Ranar Talata da sassafe ta ce masa kawai, "Baba, gidajen da kuka shiga ɗibar ruwa nake so ka tuna mini." Ya ce kwana uku suka yi, amma shi yawanci a mota yake zama. Suka kama hanya.

Unguwa ce mai lunguna, kwata na bi ta tsakiyar hanya, gidajen duk ƙofa iri ɗaya. Baba ya tuna inda ya ajiye mota, amma daga nan ɗaliban da ƙafa suka shiga. Sai ta fara sallama gida-gida. Wasu suka ce ba su san zancen ba. Wasu suka ce an zo, amma ba su tuna ko bara ce ko bara waccan, domin masu zuwa da kwalabe da takardu ba su da iyaka. A kowane gida sai ta leƙa rijiya, kamar dai ido zai nuna mata abin da ta san sarai ba ya ganuwa. Ruwan duk garau yake, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Duk yaron da ya wuce sai ta bi shi da kallo, tana duba tafiyarsa.

A wani gida wani tsoho ya tare ta a zaure, ya yi mata wankin babban bargo.

"Ku ne 'yan jami'a? Kun zo kun ɗebi ruwa, kun tambaye mu yaranmu nawa, bayan gidanmu ina, kun rubuta kun tafi. Ko kare ya sha ruwa a gidan mutum yakan kaɗa wutsiya. Yanzu kuma me kuka manta?"

"Baba, gaskiyarka ne," in ji ta. "Laifinmu ne, ba ni da abin cewa."

Ya dube ta sama da ƙasa, da alama ya shirya wa gardama ne bai samu ba. Ya nuna mata gida biyu da ya san an shiga. Ranar ta ƙare da gida shida a takardarta, ba ta kuma san lambar ko ɗaya daga ciki ba.

Laraba ta fi muni. Kafin azahar sakatare ya kira sau biyu, ya ce ana neman ta a ofishin mataimakin shugaba. Ta ce ya ce tana aiki. Ƙafarta ta kumbura, gidajen sun kai goma sha ɗaya, kuma ta fara gane cewa ko ta samu arba'in ɗin cif, ba abin da zai nuna mata ta goma sha bakwai. Ta koma mota ta zauna, ta bar ƙofa a buɗe. Gobe Alhamis. In ta hau lasifika, mutum dubbai za su firgita ba ta da ruwan ba su, in kuma ta fasa, wannan gida ɗaya zai ci gaba da sha. Tsoro ya kama ta sosai.

Baba Direba ya buɗe gaban mota yana duba ruwan inji. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Hajiya, ni fa ban gane ba. Kwana biyu muna yawo. Wai me aka gani a ruwan ne?"

"Guba ce, Baba. Dalma."

Ya tsaya cak da jarka a hannu. "Dalma? Irin ta cikin batirin mota?"

"Ita."

"Haba Hajiya! Ai da tun jiya kin faɗa mini." Ya ajiye jarkar a ƙasa. "Bara, a rana ta biyu ta ɗibar ruwan, motar nan ta yi zafi, na shiga wani gida roƙon ruwa. Da na ja guga na ji nauyi, ashe farantin dalma suka ɗaura masa a gefe don ya riƙa nutsewa da sauri. Bayan gidan kuwa batura ne jibge, mai gidan fasa su yake yana narkawa. Ƙasar wurin fari fat, ko ciyawa babu. Na ga yaran nan namu sun cika kwalbarsu a nan. Na so in yi magana, to amma wa ya tambaye ni?"

Ta ce ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ita da ta addabi jami'a da tambayar ko an faɗa wa mutane, ta kwana biyu a mota ɗaya da mutumin da ya san amsar, ba ta ga ya kai a faɗa masa abin da ake nema ba. Ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Shiga mu tafi, Hajiya, yafiya ta jira."

A hanya ta kira farfesa. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Ta kwatanta masa wurin, ta ce, "Ka zo. Kai ka auna, kai ya kamata ka tsaya a wurin." Na jinjina masa a nan, domin ya zo, cikin rabin awa, da rigarsa ta ofis.

Gidan yana ƙarshen wani lungu, jikin katangar tashar. Tun daga ƙofa wani wari mai kama maƙogwaro ya tare su. A tsakar gida wata mace, ba za ta wuce shekara talatin ba, tana taka keken ɗinki a inuwar bango. Rijiyar tana tsakiya, gugan a bakinta da farantinsa mai ruwan toka. A kan tabarma kusa da keken wata yarinya ƙarama tana kwance, idonta a buɗe, ba ta ko juyo ta kalli baƙi ba.

Malama ta gaishe ta, ta durƙusa kusa da tabarmar. "Ƙanwata, wannan ba ta da lafiya ne?"

"Auta ce. Wata huɗu ke nan, Hajiya. Da tana gudu tana surutu, yanzu ko Mama ta daina cewa. Sau biyu tana sanƙarewa. Asibiti sun ce zazzaɓi ne, an ba mu magani, shiru." Ta dubi farfesa, ta ƙura masa ido. "Kamar na san bawan Allahn nan. Ba ku ne kuka ɗebi ruwanmu ba?"

"Mu ne," in ji Malama. "Ki saurare ni da kyau. Daga yanzu kada kowa ya sake shan ruwan rijiyar nan, kada a dafa abinci da shi. Akwai gubar batir a ciki. Yau ɗin nan za mu kai yaran duka asibitin koyarwa a duba jininsu, motarmu na waje."

Matar ta sauke ƙafa daga keke. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta dubi rijiyar, ta dubi 'yarta, sannan ta yi tambayar da Malama ta kwana biyu tana tsoro.

"Tun yaushe kuka sani?"

Baba Direba ya ce ya ga farfesa ya buɗe baki, kuma ya san bayani ne zai fito, na ƙa'ida da kwamiti da lissafi. Malama ta riga shi.

"Wata bakwai."

"Wata bakwai," in ji matar a hankali. Ta ƙirga da yatsunta a kan cinya, ta tsaya a na uku. Kowa a tsakar gidan ya gane abin da ta ƙirga: wata uku cur yarinyar tana gudu tana surutu bayan sakamakon ya fito. Farfesa ya zame ya zauna a ƙasa, a kan wannan farar ƙasar, ya rufe fuska da hannu biyu. Matar ta goya 'yarta, ta kira sauran biyun daga maƙwabta, ta wuce su ta shiga mota.

Sauran labarin gajere ne. An samu gubar a jinin yaran uku da iyayensu. An rufe rijiyar, an kwashe ƙasar, hukumar lafiya ta duba gidajen da ke kewaye ta rufe wasu rijiyoyi biyu. Mai gidan ya daina fasa batir, kuma Malama ce ta yi ta zirga-zirga har aka ɗauke shi aiki a sashen gyaran motocin jami'a. Maganar ta fita, kamar yadda aka yi tsoro. Farfesa da kansa ya janye aikinsa daga mujallar da gasar. Kujerar mataimakin shugaba kuwa wani aka ba, kuma a takardar da aka aiko mata an yaba da ƙwazonta, aka ce sai dai tana da gaggawa.

Ke ce mai gaggawar, Malama, kuma Allah ya ƙara mana irinki. Ke ce kika tsaya gaban uwa kika faɗi adadin watannin ba ki rage ko ɗaya ba, alhali ba ke kika ɓoye ba. Ke ce kika yi shekara biyu kina bin majalisar jami'a, taro bayan taro, har suka gaji suka amince da abu biyu: duk lambar da za a cire daga lissafi, in ta shafi lafiyar mutum, sai an kai ofishinki tukuna, kuma takardar sunaye ba a lalata ta sai an koma an faɗa wa masu sunayen abin da aka gano. Ba a sa wa dokar sunanki ba. Sababbin malamai suna ɗauka tun can haka take.

Autar ta rayu. Yanzu shekararta tara, tana tafiya, tana magana, tana zuwa makaranta. Amma tana aji biyu har yau, kuma abin da aka koya mata da safe yakan zube kafin yamma. Likitoci sun ce haka za ta yi ta fama. Malama takan je gidan duk ƙarshen wata da littattafai masu hotuna. Uwar takan shimfiɗa mata tabarma, su gaisa, ta kawo mata ruwan famfo. Ba su taɓa sake tayar da maganar ba, kuma Malama ta ce ba ta taɓa jin cewa an yafe ba, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta nema ba.

Na je ofishinta makon jiya, na tarar tana ɗaure kundaye da igiya. Na yi zaton zan ga mai murnar hutu. Ina! Hankalinta a tashe yake. An ce wanda zai gaje ta saurayi ne mai ƙwazo, ya iya tsara taro da jawabi. "Ban ce ba shi da kirki ba," in ji ta. "Amma kundi ɗari uku ke shigowa a shekara. In ya ce zai karanta taƙaitawar farko kawai fa? Wa zai gani?" Na ce ta kwantar da hankalinta, ta yi nata. Ta dube ni ta saman tabarau, kallon da ya sa na ji na yi maganar banza.

Mun gode, Malama. Mun gode da shekara goma sha tara a ɗakin da ba a kai baƙi. Mun gode da kujerar da kika bari ta wuce ki. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ƙafa da kwanciyar hankalin da kika hana kanki saboda 'ya'yan wasu. Baba Direba ma ya ce in miƙa tasa gaisuwar, ya ce tun daga ranar ba ki sake shiga motarsa ba tare da kin faɗa masa inda za a je da dalili ba.

Ku kuma da kuke hanƙoron shugabanci a jami'o'inmu, masu son a ce bincikenku ya amfani al'umma, ga hanya nan an nuna muku, kuma ba ta bi ta ɗakin taro. Duk wanda ya taɓa shiga gidan mutane ya ɗebi ruwansu, ko jininsu, ko labarinsu, ya tashi yau ya duba abin da ya gano, ya ga ko akwai wanda ya kamata a ce ya sani tuntuni. Ya je ya yi sallama ya faɗa masa, tun ana iya yin wani abu. In kun jinkirta, wata rana za ku tsaya a tsakar gidan wata uwa, ta tambaye ku tun yaushe kuka sani, kuma dole ku ba ta amsa da adadin watanni.